Kafin ka sa kuɗi a sabon kamfanin fasahar kare muhalli

Wasu masu zuba jari sun tattauna abin da ya kamata a duba kafin a sa kuɗi a irin wannan kamfani, kuma bakinsu ya zo ɗaya: fara tambayar wa ke sayen kayan kamfanin a yau. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Solyndra na Amurka, mai ƙera allunan lantarkin hasken rana. Ya durƙushe a 2011 duk da lamunin bashin gwamnati na dala miliyan 535, saboda kayan Sin sun fi araha. Ƙera na'ura ya fi manhaja cin kuɗi, kuma jarinka na iya shekara 10 bai dawo ba. Masu zuba jarin sun kuma ce a rarraba jari, a nemi hujjar hayaƙi mai gurɓata iska da kamfanin ya ce ya rage, a kuma sani shigowar sababbin masu hannun jari na rage kasonka.