Rigar mama marar ƙarfe mai riƙewa, ina ake samu?

Maman Iman: Slm matan gida, barkanmu da war haka. Dan Allah wacce ta san inda ake samun rigar mama marar ƙarfe amma mai riƙewa da kyau? Masu ƙarfen nan sun ishe ni wlh, jiya ina wurin aiki ƙarfen ya huda yadin ya fito ta gefen hammata, haka na yi ta mutsu-mutsu a kujera sai da na shiga banɗaki na zare shi gaba ɗaya, to kuma da na zare sai gefe ɗaya ya zube. Na gwada marasa ƙarfen na kasuwa ba abin da suke riƙewa, ni kuma masha Allah akwai kaya. 38 nake sawa

Zee: Wslm Anty, kin riga ni ne, ni ma tambayar da ke bakina ke nan amma ta motsa jiki nake nema, kam ɗin bautar ƙasa zan tafi wata mai zuwa in sha Allah

Nas Rukayya: Wa alaikumus salam. Maman Iman 38 me?

Maman Iman: 38 dai. Akwai wani abu bayan nan ne?

Nas Rukayya: To ai nan gizo ke saƙar. Lambar faɗin ƙirjinki ce kawai ta ƙasan nono, harafin da ke biye da ita, B ko C ko D, shi ne zurfin kofin. Mu a kasuwa lamba kawai muke faɗa, mai shago ya kalle ki ta saman hijabi ya ce 40 za ta yi miki Hajiya, ki karɓa da sauri don kunya ki tafi. In kofin ya yi mana kaɗan sai mu ƙara lamba, alhali kofin ne ya kamata a ƙara. Sai ki ga rigar ta yi sako-sako a jiki, bayanta ya haye sama wajen wuya, nauyin duk ya koma kan igiyar kafaɗa. Kuma yawancin riƙon daga ɗamarar ƙasan nan yake zuwa ba daga ƙarfe ko igiya ba. Kina da tef irin na tela a gida?

Maman Iman: Akwai na maƙociyata, bari in aiki Iman

Hajiya Ladi: Ni dai ku bar wahalar da kanku, a cikin na kamfanin Triumph akwai wata da ake kira Doreen, ba ƙarfe ko ɗaya, ɗamararta faɗi gare ta, igiyar ma mai faɗi, kofin kuma yanka-yanka aka yi shi aka ɗinke ba soso ba ne. Shekara da shekaru ita nake sawa. Ba ta da wani kyan gani fa kar ku ce ban faɗa ba, irin ta iyaye ce, tana ɗan tsini ta gaba, amma daga asuba har isha'i ba za ki gyara ta ba

Zee: Hajiya tsini kuma 😂 a cikin doguwar riga mai santsi ai tonon asiri ne

Hajiya Ladi: Ke 'yar nan in kika shayar da shida ki dawo mu yi maganar tsini

Ummu Sudais: 🤣🤣 Hajiya ta gama magana. Amma a ina kike samu? Sabuwarta ai kuɗi ne, ga dalar nan yadda take

Hajiya Ladi: In wani zai dawo daga Ingila na kan ba da saƙo, in babu kuma Ƙofar Wambai. Ba na jin kunyar faɗa. Ranar da aka fasa dila ake zuwa da wuri, kafin masu saye su sayar a waya su tsince na kirkin. Ana samun na Marks & Spencer sosai, marasa ƙarfe masu cikakken kofi, wasu har da takardarsu a jiki ba a taɓa sawa ba

Ummu Sudais: Kai Hajiya gwanjon kayan ciki? Ni kam ƙyanƙyami ba zai bar ni ba gaskiya. Riga ko jaka na yarda amma abin da ya kwanta a fatar wata

Maman Twins: Ni ma da haka nake cewa, sai da na lissafa nawa na zubar a kan na kwali masu sheƙin nan da ake jerawa a Kwari da Sabon Gari, wanki uku robar ta mutu, soson ya dunƙule gefe guda. Yanzu rabi da rabi nake yi. Mu nan Kaduna Kasuwar Barci muke zuwa. Amma gwanjo sai da ido, ki ja ɗamarar da hannu biyu ki saki, in ba ta koma da ƙarfi ba ki ajiye ko da sunan wane kamfani ne a jiki, in kika ji tana ɗan ƙara ƙas-ƙas robar cikin ta bushe ke nan. Ki duba maƙalan baya ko sun yi tsatsa, ki ɗaga hammatar ki gani ko ta sauya launi

Ummu Sudais: Allah ya ba ku sa'a, ni dai a ba ni sabuwa ko ta wata uku ce

Maman Iman: Na dawo. Nas ga tef, ya zan yi?

Nas Rukayya: Ki cire mai soson, ko ki bar wata marar kauri. Ki zagaya tef ɗin daidai ƙasan nono, ya kama jiki sosai amma ba har ki kasa numfashi ba, ki duba madubi kar ya karkace ta baya. Ɓangaren inci za ki karanta. Sai ki sake zagayawa ta inda ya fi cika, wannan karon kar ki matse

Maman Iman: Ƙasa 35, sama 41

Nas Rukayya: To 35 sai a kai ta 36 tunda lambobin bibbiyu suke tafiya. Tsakanin 36 da 41 inci 5 ke nan. A lissafin Ingila inci 1 A, 2 B, 3 C, 4 D, 5 DD. Ki fara gwada 36DD. Duba wacce kike sawa yanzu ki ga me aka rubuta

Maman Iman: Innalillahi 38C 😭 DD kuma? Ni na ɗauka DD sai irin manyan matan nan

Nas Rukayya: Haka kowa ke cewa. Harafin ba shi da girma shi kaɗai, da lambar yake tafiya. Kofin 38C daidai yake da na 36D da na 34DD, shi ya sa in kin sauko a lamba sai ki hau a harafi. Kin ga ke ɗamara ta yi miki yawa kofi kuma ya yi miki kaɗan, shi ya sa ƙarfen ke zama a kan nama maimakon ya kewaye shi, yana ta gugar yadi har ya huda. Awon fa mafari ne kawai, kamfani da kamfani suna bambanta, sai an sa a jiki

Hadiza Maraɗi: Ina wuninku. Ni abin da ke rikita ni lambobin, mu nan wanda ke zuwa daga Faransa 90, 95, 100 ake rubutawa, in na aika Kano a sayo mini sai a ce ba a san wannan ba

Nas Rukayya: Lafiya lau Hadiza. 90 ta Faransa ita ce 75 ta sauran Turai, ita ce 34 ta Ingila. 95 ita ce 80 ita ce 36. 100 ita ce 85 ita ce 38. Kuma su bayan D sai E, abin da Ingila ke kira DD ke nan. Na Chaina yawanci za ki ga 36/80 a haɗe amma kofinsu ƙanana ne, kar ki yarda da harafin

Hadiza Maraɗi: Madalla na gode, na kwafe na ajiye

Maman Twins: Maganar Chaina kin tuna mini, na taɓa yin oda a waya, irin mai laushin nan marar ɗinki da ake tallar wai tana ɗaga komai ba ƙarfe, guda uku a leda, aka rubuta XL. Da ta iso ko kaina da ƙyar ya shiga, 'yata mai shekara 13 ce ta gaje su. Duk wacce aka rubuta M, L, XL kawai ba harafin kofi, in kina da cika ki bar ta, ta zaman gida ce da barci

Zee: Ni fa an manta da ni 😩

Coach Fati: Ba a manta ba ƙanwata, yanzu na gama aji. Ta motsa jiki iri biyu ce. Akwai mai danne ƙirji gaba ɗaya, irin haf-bes ɗin nan da ake zurawa ta kai, ta yi wa mai A ko B, ko kuma in tafiya kawai za ki yi. Akwai kuma mai kofi biyu kowane nono da ɗakinsa, da maƙalai a baya, ita ce ta mai C zuwa sama. Wasu sun haɗa duka biyun, su ne na gudu da tsallen igiya. Shi nono ba tsoka gare shi ba, fata ce da wasu siraran jijiyoyi ke riƙe da shi, in kina gudu kuma ba sama da ƙasa kawai yake yi ba har gefe da gefe, shi ya sa za ki ga mace ta fara motsa jiki da ƙwazo kwana biyu ta daina ta ce ƙirjinta na ciwo, ko ta riƙa gudu hannu a ƙirji. Shock Absorber suna da kyau ƙwarai in kin samu, ba ƙarfe, amma ɗamararsu na kamawa sosai. Panache ma suna da ta motsa jiki, akwai mai ƙarfe akwai marar ƙarfe. Na Nike da Adidas da ke cika kasuwa kuwa da yawa tambarin ne kawai

Zee: Ni 34B ce, na auna yanzu da tef ɗin Umma

Coach Fati: To ke kin huta, mai dannewar ma ta ishe ki, ki nemi wacce igiyoyinta suka haɗe a tsakiyar baya ba sa zamewa. Kafin ki cire takardar ki sa ta ki yi tsalle goma a ɗaki ki ɗaga hannu sama, in ɗamarar ta biyo hannun ta haye to ta yi yawa. Sati uku za ki yi ana fareti tun duhun asuba, ki tafi da uku ko huɗu don wanki, ruwa wahala yake a wasu sansanonin. Kuma kar ki sa fara a ƙarƙashin farar rigar nan, ita ta fi nunawa, ki nemi ruwan ƙasa mai kama da fatarki ko baƙa

Zee: Hijabi fa zan ɗora Coach

Coach Fati: Ko da hijabi, iska na kaɗawa a fili

Ummu Sudais: Ni wata tambaya, an turo a guruf ɗin danginmu wai mai ƙarfe na kawo kansar mama, har da baƙar riga wai tana jan zafi. Shi ya sa ma na daina sawa

Nas Rukayya: Ba gaskiya ba ne Ummu. An yi bincike a Amurka a 2014, cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle, suka duba mata da yawa masu cutar da marasa ita, ba a ga alaƙa da sa rigar mama ba, mai ƙarfe ko marar ƙarfe, ko yawan awannin da ake sawa. In ba ta miki daɗi ki bar ta, amma ba don tsoron kansa ba. Abin da za ki tsorata shi ne ki ji ƙullutu ko ki ga fata ta lotsa ko ruwa mai jini na fita ki zauna a gida kina shafa magani

Amarya Salma: Nas ni kuma goyo nake, wata biyu, duk na lefena ba wacce ke shiga. Dama dangin ango ne suka sayo dozin guda ba wanda ya tambayi saiz ɗina, rabi tun ranar na raba wa ƙannena

Hajiya Ladi: Ai wannan al'adar sai dai Allah. Gwaggon ango ta tsaya a shago ta kwatanta da hannu 😂

Nas Rukayya: Salma ke kam marar ƙarfe, mai maɓallin da ake ɓallewa ta gaba a sauke kofin. Kar ta matse ko kaɗan, matsi a wuri ɗaya na iya toshe hanyar ruwan nono ya yi tauri ya kumbura har zazzaɓi. Kuma kar ki saya da yawa yanzu, girman zai ci gaba da sauyawa, biyu ko uku na auduga sun isa

Maman Twins: Auduga dai, musamman in zafin Maris da Afrilu ya shigo. Ni ƙasan nan har saɓulewa yake da ƙaiƙayi in na sa mai soso na wuni a kicin. Yanzu in na yi wanka sai na goge wurin ya bushe sarai kafin in sa, kuma ba na maimaita wacce na yi gumi a ciki

Hajiya Ladi: Wanki ma ku daina ba yara suna dirza da burushi suna murɗewa. Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, a matse a hankali a shanya a inuwa. Ruwan zafi da ranar tsaka ke kashe roba. Sannan sabuwa a maƙalin farko ake fara sawa, na can bakin, in ta saki sai ki matsa ciki

Maman Iman: Wlh na ƙaru, Allah ya saka da alheri. Matsalar yanzu a kasuwa ba wurin gwadawa, kuma in ka fita da ita ba sa karɓa

Maman Twins: Ki tafi da tef ɗin a jaka. Ki shimfiɗa rigar ki auna ɗamarar, ki ja ta ki ga ko tana kaiwa 36. Kuma ki nemi shagon da mace ke ciki, su sukan bari ki sa a bayan labule. Guda ɗaya za ki fara saye ki wuni da ita tukun

Hajiya Ladi: Maman Iman in Asabar ba ki da biki ki shirya ƙarfe tara mu shiga Wambai tare, ki zo da canji, ba ko wace rumfa ke karɓar taransifa ba

Ummu Sudais: To Hajiya in kun ga mai takarda a jiki 40D ku ɗauko mini 🙈

Hajiya Ladi: Au, ƙyanƙyamin ya tafi? Auna ki turo tukun, ban yarda da 40 ɗin nan ba