Roy Keane: gwarzo a fili, amma ya iya koci kuwa?

Ɗan Arsenal: Jama'a, ga abin da na faɗa a gidan kallo jiya aka yi mini ca, zan maimaita shi a nan. Roy Keane bai iya aikin koci ba. A matsayin ɗan wasa ba na ja da shi ko kaɗan: kofin Firimiya 7, kofin FA 4, kuma shi ne kyaftin ɗin Manchester United tun daga 1997 har ya tafi a 2005. Amma tun da Ipswich ta sallame shi a Janairun 2011 bai sake riƙe wata ƙungiya a matsayin babban koci ba. Da ya iya, da an neme shi.

Ɗan United: Yaya, ka tsallake Sunderland ka dira a Ipswich. Lokacin da ya karɓi Sunderland a watan Agustan 2006, ta riga ta sha kashi a wasanninta huɗu na farko a rukuni na biyu, tana can ƙasan tebur. Shekararsa 35 a lokacin, bai taɓa horar da kowa ba. Kakar ba ta ƙare ba sai da ya ɗauki kofin rukunin ya mayar da ita Firimiya. A kakar da ta biyo baya kuma ya gama a na 15, ba ta koma ba. Wanda bai iya ba zai yi wannan?

Ɗan Arsenal: Na yarda da kakar farko. To amma wace irin dukiya aka zuba masa? Mai tsaron gida Craig Gordon kaɗai fam miliyan 9 ya ci, sannan Everton ta zura musu 7-1 a kakar ta biyu. A ƙarshen 2008 Bolton ta je har gida ta ci su 4-1, bayan 'yan kwanaki ya ajiye aikin. A Ipswich kuwa, wasa 14 na farkon kakar 2009 bai ci ko ɗaya ba.

Malam Koci: Ku ba ni dama in sa baki, tunda ni ma ina horar da yara a unguwa. A ganina ba ilimin ƙwallo Keane ya rasa ba. Mutumin da Brian Clough, kocin Nottingham Forest, ya ɗauko daga ƙungiyar Cobh Ramblers ta Ireland a 1990, sannan ya yi shekara 12 a hannun Ferguson, kocin United na lokacin, ba za a ce bai san tamaula ba. Abin da ya gagare shi shi ne haƙuri da wanda bai kai shi ba. Ku tuna daren Turin a 1999, wasan kusa da na ƙarshe na gasar zakarun Turai. Juventus na gaba da ci 2-0, shi ya fara farkewa da ka, aka ba shi katin da ya san zai hana shi buga wasan ƙarshe, amma bai sassauta ba har United ta ci 3-2. Wanda ya iya yi wa kansa haka, ganin yake kowa ma zai iya. Alhali a 'yan wasa ashirin, da wuya ka samu biyu masu irin wannan zuciya. Sauran sai da lallashi, wani sai ka ja shi gefe, wani sai ka kau da kai daga kuskurensa yau don ya yi maka wasa gobe. Koci kamar makiyayi yake, tafiyar garke ba ta wuce ta saniyar da ke baya.

Ɗan United: Malam, wannan tsananin ai shi ya gyara Sunderland. Ranar da za su Barnsley a 2007, 'yan wasa uku suka makara, ya ce mota ta tashi ta bar su. Suka je suka ci wasan.

Malam Koci: Haka ne ƙanina. Tsoro yana aiki na kaka ɗaya, musamman ga ƙungiyar da ta lalace. Idan aka fara shan kashi a jere, ɗan wasan da ke tsoronka ba zai zo ya gaya maka damuwarsa ba, kuma a nan ake rasa su.

Mai Gidan Kallo: Ni abin da ke damuna, kullum zafin ransa ake kallo, ba a duba ko yana da gaskiya. A tsibirin Saipan, inda tawagar ƙasarsa Ireland ta yi sansani kafin gasar cin kofin duniya ta 2002, ƙorafinsa shi ne filin atisaye ya yi tauri kuma kayan atisaye ba su iso a kan lokaci ba. Suka yi cacar baki da kocin tawagar, Mick McCarthy, a gaban 'yan wasa, aka mayar da shi gida. Daga baya binciken da hukumar ƙwallon Ireland ta sa aka yi ya soki yadda ita kanta hukumar ta shirya tafiyar.

Ɗan Arsenal: Alhaji, gaskiyarsa ba ta amfani ƙasarsa ba. Ba tare da shi ba suka yi 1-1 da Kamaru, 1-1 da Jamus, suka ci Saudiyya 3-0, sai a bugun fenariti Sifaniya ta fitar da su. Da kyaftin ɗinsu yana nan fa? Haka ya bar United, bayan ya caccaki abokan wasansa a tashar ƙungiyar saboda Middlesbrough ta ci su 4-1.

Mai Gidan Kallo: Amma ka lura, Niall Quinn yana cikin 'yan wasan Ireland da suka goyi bayan McCarthy a Saipan, kuma shi ɗin ne shugaban Sunderland da ya ba Keane aiki bayan shekara huɗu. Wanda ya ga rigimar da idonsa ne ya amince masa.

Ɗan United: Kuma ya yi shekara biyar yana mataimakin Martin O'Neill a tawagar Ireland, daga 2013 zuwa 2018. A lokacin suka doke Jamus 1-0 tana riƙe da kofin duniya, suka doke Italiya 1-0 a gasar Turai ta 2016.

Malam Koci: Wannan ya ƙarfafa maganata. Idan akwai wani a samansa mai sanyaya 'yan wasa, Keane yana da amfani sosai. Ɗan Arsenal, ni ba zan ce bai iya ba. Cewa zan yi ya iya rabin aikin, kuma na so a ce wata ƙungiya ta sake gwada shi yanzu da shekaru suka ja.

Ɗan Arsenal: Rabin aiki na yarda da shi, Malam. Amma da ni ke da ƙungiya, ba zan damƙa masa ita shi kaɗai ba.

Ɗan United: Ni zan ba shi, in dai ƙungiyar tana ƙasan tebur kamar Sunderland ta 2006.