Tafiya da kare daga Katsina zuwa Badagry: me ya kamata in tanada?

Na Ƙofar Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar Kurmi da waɗanda suka san lafiyar dabbobi. Yayana yana aiki a Badagry ta Jihar Legas, kuma ya daɗe yana cewa mu kai masa yara su ga teku, saboda haka bana muka tsai da shawarar zuwa idan an yi hutun makaranta na Disamba, mu yi kwana 10. Ni da uwargida da yara uku za mu tafi a motata. Gidan da yake haya ɗaki biyu ne, don haka masauki za mu kama.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne karenmu. Irin namu ne na nan, mai dogayen ƙafafu da siririn ƙugu, shekararsa 4, kuma ɗana na biyu ne ya raine shi tun yana ɗan kwikwiyo. Shi ke gadin gida da 'yan tumakin da muke kiwo. Bara da muka yi tafiyar mako biyu na bar shi a hannun wani yaro bisa alkawarin lada, da muka dawo sai muka iske shi ɗaure a gindin bedi, ana ƙirga haƙarƙarinsa, sarƙa ta ci masa wuya har ya yi gyambo, kwanon ruwansa kuwa ya bushe har ƙura ta kwanta a ciki. Tumakin zan kai gidan ƙanena, amma ya ce ba zai karɓi kare ba.

Shin kare zai jure wannan doguwar hanya a mota? Akwai takardun da za a tambaye ni? Masaukai suna yarda da shi? Yayana kuma ya ce za mu iya leƙawa Kwatano tunda iyaka tana kusa.

Likitan Dabbobi, Katsina, ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai ka ɗauko katin rigakafinsa ka duba ranar da aka yi masa allurar ciwon haukan kare ta ƙarshe. Ana fara ta ne idan kwikwiyo ya kai wata 3, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara. Idan ta wuce shekara, a yi masa yanzu, kada a bari sai ana gobe tafiya, domin jiki yana buƙatar makonni kafin kariyar ta kama, shi ya sa ƙasashe da yawa ba sa karɓar allurar da ba ta kai kwana 21 zuwa 30 ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar cizon kare ne. Idan karenka ya ciji ɗan wani a baƙon gari, katin nan ne zai fara yi maka magana. Ka tabbatar yana ɗauke da sa hannu da hatimin likita mai rajista, ka kuma karɓi takardar shaidar lafiya 'yan kwanaki kafin ku tashi. A haɗa masa da allurar da ke kare shi daga cututtukan karnuka masu sa amai da zawo na jini, a ba shi maganin tsutsar ciki.

Hanyar kanta ba ta ba ni tsoro kamar yanayin da za ku tarar. A Disamba nan Katsina hunturu ne, iska busasshiya, dare da sanyi. A bakin teku kuwa iskar a jiƙe take. Kare ba ya yin gumi a jiki kamar mutum. Da haki yake fitar da zafi, wato ya zaro harshe danshin bakinsa yana bushewa yana sanyaya shi. Idan iskar da yake shaƙa ita ma cike take da danshi, hakin ba ya yi masa aiki sosai, sai ka ga karen da ke bin zomo a dajinmu da tsakar rana ya kwanta yana neman ransa a inuwar kwakwa. Zafin jikinsa na yau da kullum digiri 38 ne zuwa 39, kuma idan ya haura 41 ana cikin haɗari. Alamomin wannan haɗarin su ne haki ba ƙaƙƙautawa, dalala mai kauri, dasashi ya yi ja wur, da tangaɗi. Idan ka ga haka ka kai shi inuwa, ka zuba masa ruwa mai ɗan sanyi a kan cikinsa da hammata da cinyoyi, ka yi masa fifita, sannan a nemi likita ko da ya farfaɗo. Kada a bar shi cikin mota a rufe ko na ɗan lokacin da za ku shiga masallaci ku yi ƙasaru.

Sai ƙwari. Kaska da ƙuma ka san su, a sa masa maganinsu kafin tafiya. Akwai biyu da mutanenmu ba su saba da su ba. Na farko tsando, wanda ke zaune a kurmi da bakin koguna, yana kuma sa wa kare sammore kamar yadda yake sa wa shanu. Idan bayan kun dawo ka ga yana zazzaɓi, yana ramewa, dasashinsa ya yi fari, ko idonsa ya yi hazo kamar an shafa masa madara, ka gaya wa likita cewa kun je Kudu, domin wannan bayanin ne zai sa a duba jininsa. Na biyu wani ƙuda ne da ke zuba ƙwai a yashi mai inuwa wanda fitsari ya jiƙa. Tsutsar ta shiga fatar karen da ya kwanta a wurin, ta yi ƙurji mai ɗan rami a tsakiya. Ana toshe ramin da man Vaseline, idan tsutsar ta leƙo neman iska a matse ta fito. Ƙudan nan yana yin ƙwai a tufafin da aka shanya ma, saboda haka uwargida ta sa a goge kayan yara da dutsen guga kafin su saka.

A hanya, kada ka cika masa ciki da safen tafiya. Ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, ka tsaya duk bayan awa biyu ko uku ya taka ƙasa yana cikin igiya. A keji zai zauna, inda iska ke kai masa, ba a but ba. Kada wani mai kemis ya ba ka maganin barci ka ɗura masa, kuma farasitamol da ibufurofen na mutane suna iya lalata masa hanta da ƙoda.

Maganar Kwatano daban ce. Ku yarjejeniyar ECOWAS ta ba ku damar shiga Jamhuriyar Benin ba biza, amma ba ta shafi kare ba. Fitar da dabba da dawo da ita sai da takardun izini na gwamnati da binciken hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, NAQS, ban da abin da can ɗin za su nema. Don yawon yini ɗaya, wahalar ta fi amfanin yawa.

Direban Daura ya amsa:

Ranka ya daɗe, na yi shekaru ina bin hanyar nan da kaya har Seme da ke bakin iyakar Benin, bari in faɗi abin da ido ya gani. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kuma mai iyali ba ya yin ta a yini ɗaya. Ka bi ta Funtuwa da Zariya da Kaduna, ka kwana a Abuja ko Lokoja, washegari ka kama Okene da Owo da Akure da Ife zuwa Ibadan. Hanyar Birnin Gwari zuwa Jebba da Ilorin takan fi gajarta, amma da yara a mota ba zan ba ka shawararta ba. Ka yi tafiyar rana kawai. Daga Lokoja za ka fara jin iska ta sauya, kuma inda karen zai fi galabaita shi ne cunkoson shiga Legas da na titin Badagry, inda mota takan tsaya cak rana na dukanta. Ka tabbatar na'urar sanyaya motarka lafiya take, ka riƙe jarka guda ta ruwa tasa shi kaɗai. Katin da Likita ya ambata ka yi masa kwafi biyu ko uku, domin a shingayen hanya duk wanda ya hango dabba a mota sai ya nemi takarda.

Masauki shi ne babban aikin, kuma masauki biyu kake nema, har da na kwanan hanya. Yawancin otal-otal ba sa karɓar kare, kuma wanda ya amsa maka ta waya da rana ba lallai shi za ka tarar a kanta da dare ba. Ka sa yayanka ya je da ƙafarsa ya yi magana da mai wurin, ya nemi gida mai katanga da fili, a rubuto maka amincewar a saƙo.

Garin Badagry a bakin tafki yake, tekun yana bayan wani zirin ƙasa. Zuwa tsibirin Gberefu, inda aka riƙa bi da bayi zuwa jiragen Turawa, sai an shiga kwalekwale, sannan a yi tafiyar ƙasa mai ɗan tsawo cikin yashi. Ba zan sa karen da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na rafi ba cikin kwalekwale tare da yara uku. Haka gidan benen nan da 'yan mishan suka gina a 1845 da gidajen tarihin bayi, ba wuraren shiga da kare ba ne, dole wani ya zauna da shi. Bakin tekun Suntan da ke kan hanyar Seme ana zuwa da mota, sai dai a ƙarshen shekara cike yake da jama'a da kiɗa da dawakin haya. Ku je da sassafe, ka ɗora bayan hannunka a kan yashi, idan ba ka iya jurewa to tafin ƙafarsa ma ba zai iya ba. Kada ya sha ruwan gishiri, amai da zawo yake sawa; kada ya ci mataccen kifi ko ya shiga inda masunta suka baza koma, akwai ƙugiyoyi. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana janye babban mutum, balle kare, kuma abin da na fi tsoro shi ne ɗanka ya bi shi ciki. Kada ka kwance shi ko sau ɗaya, domin kare yana da kasuwa a sassa da dama na ƙasar nan, wanda ya ɓace da wuya a sake ganinsa.

Hajiya ta Ƙofar Sauri ta amsa:

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ka ce don gadi kake riƙe da karen nan, to ina hikimar ɗauke mai gadi daidai lokacin da gida zai yi kwana 10 ba kowa? Kuma na lura duk dabarun da aka lissafa, a ƙarshe mutum ɗaya za su faɗa wa, wato wadda za a bari a masauki da kare ranar da kuka shiga kwalekwale. Ina zaton na san ko wace ce.

Abin da yaron bara ya yi zalunci ne, kuma mun san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Amma laifin mutum ɗaya bai isa ya sa a kai dabba Legas ba. A nemi dattijo cikin mafarauta, su da suka san darajar kare, ko maigadi da zai kwana a gidan, a auna masa abincin kwana 10, a ba shi rabin lada, sauran sai an dawo, kuma kullum ya turo hoton karen da kwanon ruwansa ta WhatsApp.

Almajirin Malam ya amsa:

Ƙarin bayani kaɗan saboda zama da shi a mota ɗaya. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai ana wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai. Wasu mazhabobin sun fi tsanantawa, kuma za ku haɗu da masu bin su. Ka ware masa kwanonsa, ka sa dardumar salla a jaka, kada kuma ka kusantar da shi inda mutane ke alwala.

Na Ƙofar Marusa ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na duba katin, ashe allurar ta yi wata 14, don haka ranar Litinin zan kai shi asibitin dabbobi ko da tafiya da shi ko babu. Kwatano na cire ta. Yayana ya tambayi masaukai uku, biyu sun ƙi, na ukun mai fili ya ce sai ya ga girman karen a hoto. Hajiya, na karanta wa uwargida amsarki, ba ta ce komai ba sai da ta sa na maimaita. Abin da na yanke shi ne ranar Asabar in sa shi a keji mu je Daura mu dawo, kimanin kilomita 80 kowace tafiya, in ga yadda zai yi, tunda bai taɓa wuce kwata ɗin awa a mota ba. A can kuma zan ga wani tsohon mafarauci da surukina ya sani. Likita, wane girman keji zan sa maƙeri ya yi?

Likitan Dabbobi, Katsina, ya amsa:

Wanda zai miƙe tsaye a ciki kansa bai taɓa sama ba, ya juya, ya kuma kwanta ya miƙe ƙafafu. Ka auna shi daga hanci zuwa gindin wutsiya, da kuma daga ƙasa zuwa saman kai, ka ƙara kamar faɗin tafin hannu a kowane awo. A goge bakin ƙarafan kada su yanke shi, a shimfiɗa katako da tsohon buhu a ƙasa. Ka ajiye kejin a tsakar gida a buɗe tun yau kana sa masa abinci a ciki, kada ranar Asabar ta zama ranar da zai fara ganinsa. Ka zo da katin ranar Litinin.