Me ya sa ake cewa tikiti ya ƙare alhali akwai kujeru wayam a jirgin ƙasa?

Mai_Neman_Sani:
Jama'a, ina neman ƙarin haske. A jiragen ƙasa masu dogon zango, sai manhajar sayar da tikiti ta nuna babu wuri, amma jirgi ya tashi da kujeru wayam. Kuma kamfanonin ba sa rabuwa da kukan asara. Ta yaya wuri zai yi wuya, riba kuma ta ƙi samuwa?

Ɗan_Tasha:
Malam, ba kujera ake sayarwa ba, zango ake sayarwa. A ce jirgi yana tsayawa a tashoshi huɗu. Wani ya sayi kujera mai lamba 12 daga tasha ta biyu zuwa ta uku. Shi ke nan, ta toshe wa duk mai son tafiya daga farko har ƙarshe, ko da babu kowa a kanta a zangon farko da na ƙarshe. Wanda ya leƙa tarago a tashar farko zai ganta wayam, amma tana da mai ita a gaba.

Ga lissafi na misali. Jirgi mai kujeru 500, tafiyar kilomita 1,000. Idan aka ninka kujeru da kilomita, abin da yake da shi na sayarwa kujera-kilomita 500,000 ne. A ce zangon tsakiya mai kilomita 200 ya cika maƙil, ya ba da 100,000. Sauran kilomita 800 kuma da mutum 250 aka yi su, 200,000. Jimilla 300,000, wato kashi 60 cikin ɗari kacal, alhali an kori masu saye da cewa wuri ya ƙare. Shi ya sa kamfani kan ƙi sayar da gajeren zango da wuri, ya riƙe wa mai tafiya mai nisa, sai tafiya ta matso ya sake ragowar. Sai kuma waɗanda suka saya ba su zo ba, da kujerun da aka keɓe wa naƙasassu da ma'aikata.

Hajiya_Akanta:
Abin da Ɗan_Tasha ya faɗa haka yake. Batun asara kuwa, yawancin kuɗin da ake kashewa ba ruwansa da yawan fasinja. Albashin direba da masu duba tikiti, mai ko lantarki, kuɗin bin layin dogo, gyaran taragai, duk sai an biya ko mutum goma aka ɗauka. Kujerar da ta wuce tasha babu kowa kuwa ta tafi ke nan, ba a ajiye ta zuwa gobe.

Jirgin kwana ya fi shan wuya. A Turai, tarago mai kujeru yana ɗaukar mutum 60 zuwa 80, mai ɗakunan kwana kuwa ba kasafai yake wuce gado 36 ba, ga wankin zannuwa, ga mai hidima duk dare. Gado ɗaya sau ɗaya ake sayar da shi a dare, da rana taragon yana fake yana cin kuɗi. Wannan na cikin abin da ya sa Deutsche Bahn na Jamus ya daina jiragen kwanansa na City Night Line a Disamban 2016, kamfanin ÖBB na Ostiriya ya karɓi wasu hanyoyin da sunan Nightjet. A Amurka, kamfanin jirgin ƙasa na Amtrak da aka kafa a 1971 da tallafin gwamnatin tarayya yake riƙe hanyoyinsa da suka wuce mil 750. Inda ake cin riba sosai irin layin Tokyo zuwa Osaka ne, wanda aka buɗe a 1964: manyan birane, jirgi bayan jirgi, kowanne da tarago 16 da kujeru sama da 1,300.

Mai_Neman_Sani:
Na gode, Hajiya. To me zai hana a ƙara tarago biyu a ranakun cunkoso?

Injiniya_Dogo:
Ɗan'uwa, faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Tsawon dandalin tasha yana da iyaka, haka ma layin gefe da jirgi ke raɓewa ya ba wani hanya a inda dogo ɗaya ne. Ƙarin nauyi yana rage saurin ɗaukar gudu, ya ɓata jadawali. Kuma taragon da aka saya don cunkoson 'yan makonni a shekara, wa zai biya kuɗinsa sauran watannin?

Don haka ake wasa da farashi maimakon ƙarfe. Kamfanin jirgin ƙasa na Faransa, SNCF, ya shigo da tsarin sayar da tikiti na Socrate a 1993, wanda aka gina a kan na kamfanin jiragen sama na Amurka: ana kasa kujeru mataki-mataki, mai arha ya ƙare a buɗe mai tsada. Indiya ta gwada irinsa a 2016 a jiragen Rajdhani da Shatabdi da Duronto, duk kashi 10 na wuraren da aka sayar farashi ya hau da kashi 10, har ƙarin ya kai rabi. Ba a jima ba aka sassauta a wasu jiragen, don tsadar ta kori fasinja. A Indiya kuma akwai tikitin jiran gurbi da ake kira RAC, inda mutum biyu ke zama a gado ɗaya har wani ya fasa tafiya.

Idan manhaja ta ce babu wuri, gwada raba tafiyar gida biyu a wata tasha ta tsakiya. Sau da yawa za a samu, sai dai ka sauya kujera a hanya.