Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa: alheri ake nufi ko wahala?

Malamin Hausa, Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar na taso daga Terminus, a tsakiyar garin Jos, ruwa yana zuba kamar da bakin ƙwarya, har da ƙanƙara, sai na kira ƙanena da ke Bukuru domin in ce masa ya dakata kada ya taso, amma ya yi dariya ya ce su ko yayyafi ba su gani ba. Da na isa gida jiƙe sharkaf ina ba da labari, mahaifiyata ta ce, "Ai ruwan da ya dake ka shi ne ruwa." Na daɗe ina jin wannan karin magana a bakin maroƙa da magoya bayan 'yan siyasa, kuma abin da suke nufi shi ne wanda ya yi maka alheri shi ne mutum a wurinka, ko da duniya duka tana zaginsa. Ita kuwa ta ɗora shi a kan wahala, wato abin da ya same ka shi ka sani. Ina roƙon manyanmu su warware mini: asalinsa alheri ne ko wahala?

Manomin Bokkos:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ni a ganina maganar manoma ce, kuma alheri ake nufi. Duk wanda ya yi noma a ƙasar nan ya san ruwan farkon damina ba ya sauka bai ɗaya. Hadari zai haɗu ya zuba a gonar maƙwabcinka, kai kana tsaye a kunyarka kana jin ƙanshin ƙasarsa, taka kuwa ƙura ce. Idan wani ya zo yana ba ka labarin an yi ruwa mai yawa a Mangu, labarin ba zai tsirar da dankalin da ka binne a Bokkos ba, don haka ruwan da za ka kira ruwa shi ne wanda ya jiƙa bayanka kana duƙe a gonarka. Daga nan ne maroƙa suka ara suka ɗora shi a kan mai kyauta, kuma ban ga sun karkatar da shi ba.

Hajiya ta Gangare:
Ɗan'uwana manomi, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Da alheri kaɗai ake nufi, da Bahaushe ya ce ruwan da ya shayar da kai, ko ruwan da ya jiƙa gonarka, amma sai ya zaɓi duka, kuma ba a yi wa mutum duka don a faranta masa. Ni na fahimci maganar ne a watan Yulin 2012, a farkon azumi, lokacin da ruwa ya ci unguwanninmu da dare, Gangare da Rikkos da Anguwar Rogo, aka rasa mutane fiye da 30, gidaje da yawa suka rushe. Kafin wannan daren na sha jin labarin ambaliya a rediyo, in ce Allah ya kyauta in ci gaba da girkina. Bayansa kuwa, idan na ji an yi ambaliya ko a wace ƙasa ce, sai in ji warin taɓon da muka yi kwanaki muna kwashewa daga ɗakin maƙwabciyata. A shekarar nan an yi ambaliyar da ta fi tamu girma nesa ba kusa ba a jihohin da ke gaɓar kogunan Binuwai da Kwara, amma idan aka ce "shekarar ruwa" a unguwarmu, tamu ake nufi.

Ɗalibar Jami'ar Jos:
Mama, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in sa baki. Duka a Hausa ba kullum yake ɗauke da cuta ba, musamman idan ana maganar ruwa, domin manomi yana cewa ruwa ya daki ƙasa sosai alhali murna yake yi. Wasu kuma suna cewa "ya doke ka", wasu "ya dake ka", kuma ma'anar ba ta sauya ba. Abin da nake gani shi ne nauyin maganar yana kan "ka", ba a kan dukan ba: abin da ya taɓa jikinka shi kake ƙirgawa, mai daɗi ne ko marar daɗi. Idan haka ne, to ku da Baba manomi duk kuna kan hanya, kuma karin maganar ɗan'uwan "jiki magayi" ne da "gani ya kori ji".

Manomin Bokkos:
'Yata, kin raba gardama da kyau, sai dai ba zan saki nawa ba tukuna. "Jiki magayi" ba a faɗinsa sai ga wanda ya ƙi jin magana har ya sha wuya, wannan kuwa na fi jin ana faɗinsa da murmushi. Amma zan amsa wa Hajiya abu ɗaya: ruwan da na yi ta roƙo a watan Afrilu shi ne wanda idan ya zarce da zuba babu rana a Yuli da Agusta yake kawo cutar da ke baƙanta ganyen dankali ta ruɓar da shi a ƙasa, kuma ƙanƙarar minti goma tana iya yayyaga kabejin da aka yi wata biyu ana wahalarsa. A irin wannan shekara ban taɓa jin manomi ya yi wannan karin magana da murmushi ba.

Dattijon Rikkos:
Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ni damuwata ba a kan asali take ba, a kan inda maganar ta gaza ne. Ina cikin waɗanda ruwan 2012 ya tasa. Ruwan da ya zuba a kan kwanon gidana a daren nan mai yawa ne, amma bai ɗauki ko tabarma ba. Wanda ya ɗauki mutane shi ne wanda ya sauka a kan duwatsun gabas, ya taru ya gangaro, rahotanni suka ce har madatsar Lamingo ta tumbatsa, sa'an nan ya biyo rafi ya tarar da gidaje a bakin hanyarsa da shara a ƙarƙashin gadoji, ya shigo mana ta ƙofa. Wato ruwan da ya daki wani wuri shi ne ya zama ruwa a wurinmu. Saboda haka idan na ji saurayi ya leƙa sama ya ce ai mu nan ba a yi wani ruwa ba, ya koma ya kwanta, gabana yakan faɗi, domin karin maganar da yake daidai a gona yana iya kashe mutum a bakin rafi.

Magabata ba su bar mu haka ba, suna da wata maganar da ta fi dacewa da mu, ita ce "hadarin ƙasa maganin mai kabido". Ga yaranmu da ba su san kabido ba, rufi ne da ake saƙawa da kaba, makiyaya da matafiya suna yafa shi daga kai zuwa baya idan ana ruwa. Mai kabido ya gama shirinsa a kan abin da zai zo daga sama, bai taɓa tunanin zai zo daga ƙasa ba. Mu mutanen Jos haka muke. Muna zaune a kan tudun da ya haura mita 1,200, abin da muka sani shi ne sanyin hunturu da ƙanƙara da iskar da ke yaye kwano, har muna ganin ambaliya ta mutanen kwari ce. Mun manta cewa tudu ma yana da nasa kwarin, kuma ruwan da ya gangaro daga dutse ya fi na fili gudu.

Ma'aikaci a Abuja, ɗan Dilimi:
Baba, ranka ya daɗe, abin da kuka faɗa na gan shi da idona. A watan Satumban 2012 ina cikin waɗanda suka maƙale a hanyar Lokoja zuwa Abuja lokacin da ruwa ya shanye titi, motoci suka yi layi, masu kwalekwale suka koma ɗaukar fasinja. Rana ake yi mai zafi a wurin, ba mai laima ko ɗaya, ruwan kuwa wani ɓangarensa daga Kamaru ya taso bayan an saki madatsar Lagdo, ya biyo Binuwai ya haɗu da Kwara a Lokoja. Haka mutanen Maiduguri suka wayi gari ranar 10 ga Satumban 2024 bayan madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan irin wannan ta 1994. Sai dai ina da tambaya: ni na taso ina jin "hadarin ƙasa" ana faɗinsa a kan makirci, wato sharrin da ya fito daga wanda ka amince da shi. Shin mayar da shi kan ambaliya ba mayar da karin magana baya ba ne, daga ma'anarsa zuwa lafazinsa?

Malamin Hausa, Anguwar Rogo:
Mayar da shi baya ne, amma ban ga laifi a ciki ba, domin abin da mahaifiyata ta yi ke nan jiya, kuma Hausawa sun saba yin haka idan abin da ya faru ya zo daidai da lafazin. Inda zan ɗan ja da Baba, cikin ladabi, shi ne cewa maganar ta gaza. Karin magana ba hasashen yanayi ba ne, ba kuma umarni yake bayarwa ba. Bayyana halin ɗan Adam yake yi, cewa ba ya ƙirga abin da bai taɓa shi ba. Saurayin da ya leƙa sama ya koma ya kwanta bai bi karin maganar ba, shi ne ma wanda karin maganar yake ba da labarinsa.

Hajiya ta Gangare:
Malam, wannan bayanin ya yi a aji, amma a unguwa mutane hujja suke kafawa da shi. Na ji wanda aka ce ya tashi daga bakin rafi ya amsa da cewa shekara ashirin yana nan ruwa bai taɓa shi ba, kuma da wannan maganar ya rufe bakin masu ba shi shawara. Ina kuma roƙon matasa su kula da wurin faɗinsa. Lokacin da ruwa ya ci Mokwa a ƙarshen watan Mayun 2025, aka rasa mutane fiye da 150, wata yarinya a gidan biki ta faɗe shi tana nufin mu dai Allah ya tsare mu, alhali a cikin zaman akwai matar da danginta suke can. Ba ta yi nufin cuta ba, amma sai da aka fita da matar waje.

Dattijon Rikkos:
Malam, na karɓi gyaranka a kan lafazi, kai ne mai fannin. Ni dai tun daga shekarar nan takardun gida da na makarantar jikoki suna cikin leda a saman bango, kuma idan hadari ya yi baƙi ta wajen duwatsun Shere da dare, nakan ɗauki tocila in je in duba rafi, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a Rikkos ba. Shekaranjiya ma na je, na tarar da maƙwabta biyu sun riga ni, kowa da tocilarsa.