Me ya sa gwamnonin Fotugal a Indiya suke rigimar gadon mulki haka?

Sagiru_K:
Assalamu alaikum malamai. A tarihin mulkin Fotugal a Indiya a ƙarni na 16 akwai abu biyu da suka ɗaure min kai. Ana kiran Francisco de Almeida wakilin sarki, amma Afonso de Albuquerque da ya ci Gowa da Malaka gwamna kawai ake ce masa. Mene ne bambancin? Sannan idan gwamna ya mutu a can, sarki kuma yana Lisbon, wa ke naɗa magaji?

Malam Habu:
Wa alaikumus salam, Malam Sagiru. Bambancin na daraja ne, ikon kusan ɗaya ne. Duka biyun suna jagorantar rundunar ruwa, suna ƙulla sulhu ko yaƙi da sarakunan yankin, suna yanke hukunci da sunan sarki. Laƙabin wakilin sarki, wanda su ke cewa vice-rei, sarki ne ke bayar da shi da hannunsa, galibi ga ɗan babban gida. Daga Almeida a 1505 ba a sake ba kowa ba sai Vasco da Gama a 1524, lokacin ya riga ya zama mai sarautar Vidigueira. João de Castro ya je a matsayin gwamna a 1545, ya ceci Diyu, sansaninsu a gaɓar yammacin Indiya, daga ƙawanya a 1546, laƙabin ya iso masa a 1548 a matsayin tukwici, ya rasu cikin Yuni na shekarar bayan 'yan makonni.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nama, kuma ba za ka gane ta ba sai ka riƙe lissafin iska. Jiragen suna barin Lisbon a Maris ko farkon Afrilu, su zagaya ƙarshen kudancin Afirka, su tsaya Mozambik, su bi iskar damina su iso gaɓar Indiya wajen Satumba. Masu komawa suna tashi daga Kochin a Disamba ko Janairu da barkono, su isa Lisbon tsakiyar shekara. Wato idan abu ya faru a Indiya a Fabrairu, labarin ba zai tashi ba sai ƙarshen shekara, sarki ya ji shi a tsakiyar ta gaba, amsarsa ta taso a Maris na bayanta. Ko an dace da lokaci, tambaya da amsa suna cin fiye da shekara ɗaya da rabi. Jirgin da ya makara kuwa sai ya yi zaman jiran iska a Mozambik, watanni su ƙaru, zazzaɓi ya ci mutane.

Shi ya sa aka ƙirƙiro takardun gado masu hatimi, vias de sucessão. Sarki ya rubuta suna ɗaya a kowace takarda, a liƙe da hatiminsa, a sa lamba ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Idan gwamna ya mutu sai a tara manyan kyaftin-kyaftin da jami'ai, a nuna wa kowa cewa hatimin bai taɓu ba, a buɗe ta ɗaya kaɗai. Sauran a mayar a ajiye. Wanda ya hau ta wannan hanya gwamna ne, domin takardar ba ta ba da laƙabin wakilin sarki.

Hajiya Rabi:
Malam Habu ya ba da tsarin, bari na nuna inda ya ɓalle, don a nan ne ake ganin raunin sa.

Vasco da Gama ya zo da irin waɗannan takardu a 1524, ya rasu a Kochin ranar 24 ga Disamba. Aka buɗe ta ɗaya, Henrique de Meneses, lafiya lau. Shi ma ya rasu a Fabrairun 1526. Aka buɗe ta biyu, sai ga sunan Pero Mascarenhas, wanda a lokacin yake kyaftin ɗin Malaka, wato shugaban sansaninsu da ke can Malesiya ta yau. Kafin saƙo ya je masa, iska ta juya ya taso, an doshi shekara. Maimakon su naɗa majalisar riƙo, sai suka yi kuskuren da ya jawo komai: suka buɗe ta uku. Lopo Vaz de Sampaio ya fito, ya yi rantsuwa cewa riƙon ƙwarya zai yi ya miƙa wa Mascarenhas idan ya iso.

To, wanda ya ɗanɗana zuma. Jiragen 1526 suka zo da sababbin takardu daga Sarki João III, wanda ya rubuta su bai san Meneses ya mutu ba. Ma'ajin gwamnati, Afonso Mexia, ya tsaya a kan cewa sababbin sun soke tsofaffin, aka buɗe, suka ba Lopo Vaz. Da Mascarenhas ya iso a 1527 aka hana shi sauka a Kochin, daga baya aka kama shi aka sa masa mari aka tsare a Kananur. Kyaftin-kyaftin suka rabu gida biyu, saura ƙiris su juya igwa a kan juna. A ƙarshen 1527 kwamitin sasanci ya ba Lopo Vaz gaskiya, Mascarenhas ya tafi Lisbon kai ƙara. Da Nuno da Cunha ya karɓi mulki a 1529, Lopo Vaz ya koma gida a ɗaure.

A ganina laifin tsarin ne kafin na mutanen. Takardar ta faɗi suna, amma ba ta faɗi abin yi idan mai sunan yana can ƙetaren teku ba, ba ta kuma ce wacce ke sama ba idan sabuwa ta tarar an buɗe tsohuwa. A 1540 da Garcia de Noronha ya mutu, ta ɗaya ta fito da Martim Afonso de Sousa, amma ya riga ya koma Fotugal, sai aka wuce ta biyu, Estêvão da Gama ya hau ba tare da tashin hankali ba.

Ɗanjuma_T:
Ranki ya daɗe Hajiya, ƙari kaɗan. Rigimar ta girmi takardun. Albuquerque ya baro Lisbon a 1506 da umarnin sirri cewa shi zai gaji Almeida idan shekara uku ta cika. Ya nuna takardar a Disambar 1508, Almeida ya ƙi sauka, domin yana son ɗaukar fansar ɗansa Lourenço da aka kashe a Chaul. Ya je ya ci yaƙin Diyu ranar 3 ga Fabrairu 1509, ya dawo ya tsare Albuquerque a Kananur. Abin da ya warware maganar shi ne isowar Fernando Coutinho da jirage 15 a ƙarshen 1509. Takardar sarki ba ta yi aiki ba sai da ta zo da sojoji a bayanta.

Sagiru_K:
Na gode ƙwarai. Amma me ya sa shekara uku kacal, alhali tafiyar kaɗai na cin rabin shekara?

Malam Habu:
Tsoro ne, Malam Sagiru. Sarki ba ya son mutum ya kafa gindi a inda hannunsa ba ya kaiwa. Don haka ya taƙaita wa'adi, ya ba ma'aji ikon rubuto masa kai tsaye, a 1544 kuma aka kafa babbar kotu a Gowa. Idan gwamna ya sauka ana iya binciken mulkinsa, kuma ba wasa ba ne: Jerónimo de Azevedo, da ya yi wakilin sarki daga 1612 zuwa 1617, a tsare ya ƙare rayuwarsa a Lisbon.

Illar ita ce shekarar farko ta tafi wajen koyon ƙasa, ta ƙarshe wajen shirin kare kai. Haka ma kyaftin ɗin Hormuz, a bakin tekun Fasha, ko Malaka, shekara uku ake ba shi a matsayin ladan hidima, wani ya yi shekaru yana jiran layi ya zo kansa da bashi a wuya. Idan ya hau sai ya matsa wa fatake, ya saye kayansu a farashin da ya ga dama, su kuwa su kauce wa tashar, kuɗin fito na sarki ya ragu. Nuno da Cunha, da aka bar shi shekara tara daga 1529 zuwa 1538, shi ne ya samu sukunin mayar da hedikwata daga Kochin zuwa Gowa a 1530, ya karɓi Basain a 1534, ya samu izinin gina ganuwa a Diyu a 1535. Shi ma a hanyar komawa gida ya mutu a teku a 1539, umarnin kama shi na jiransa.