Muhawara: Zazzaɓi ya sauka, hoton zuciya ya zama dole?

Malam: Ni dai ban gamsu ba. Yaro ya yi korona, bayan makonni zazzaɓi ya dawo, an yi magani, ya tashi yana wasa. Me ya sa za a ci gaba da kai shi hoton zuciya?

Dakta: Malam, wasan yaro ba ya nuna abin da ke faruwa a jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Wannan ciwon, MIS-C, yakan taso ne mako 2 zuwa 6 bayan cutar, lokacin da garkuwar jiki ta rikice ta afka wa jikin da kanta. Idan kumburin ya taɓa jijiyoyin nan sai bangonsu ya yi rauni su buɗe, kuma yaro ba ya jin komai. Hoton eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ne ke nunawa.

Malam: Ai wannan cutar Kawasaki ce, an sake mata suna kawai.

Dakta: Sun yi kama, amma ba ɗaya ba ne. Kawasaki, mai kumbura jijiyoyin jinin yara, tun 1967 aka bayyana ta a Japan, ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. MIS-C a Afrilun 2020 likitoci a Ingila suka fara ankarar da duniya, kuma ta fi zuwa wa yaran da suka ɗan tasa, da ciwon ciki, amai, gudawa, wani lokaci ƙarfin bugun jini ya faɗi ƙasa. A Kawasaki, idan ba a yi magani ba, kusan yaro 1 cikin 4 jijiyarsa na kumbura. Idan an ƙara masa IVIG, wato sinadaran garkuwar jiki da ake tacewa daga jinin mutane, cikin kwana 10 sai abin ya ragu ƙwarai.

Hajiya: Dakta, ki faɗi gaskiya dai, na ji ana cewa a MIS-C yawanci jijiyar na komawa daidai.

Dakta: Haka ne, Hajiya, yawanci cikin makonni ko watanni. Amma ta yaya za mu san naki yana cikin yawancin? Wanda tasa ba ta koma ba jini na iya daskarewa a ciki, shi ya sa ake ba da asfirin kaɗan, kuma hoton ne ke faɗin ranar da za a daina.

Malam: To ƙwallo fa?

Dakta: Idan naman zuciyar ya taɓu, sai ya huta wata 3 zuwa 6.

Malam: Wata 6? A nan kam har yanzu da sauran magana.